Awon Lantarkin Fatar Ɗan Adam Ba Tare da Taɓawa Ba



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda ake auna halin lantarki na fatar ɗan Adam ba tare da an taɓa ta ba. Wanda ya karanta wannan take a allon sanarwa lalle zai yi tambaya biyu. Ta farko, wace hulɗa ce tsakanin fata da lantarki har da za a auna? Ta biyu, in ma akwai, me ya hana a taɓa fatar a auna a huta? Zan amsa waɗannan bi da bi, sa'an nan in shiga ta uku, wadda ita ce ainihin laccar, watau me mai awo yake samu, me kuma yake rasawa, sa'ad da ya ɗauke hannunsa daga jikin mutum.

Fata a idon masanin lantarki

Fatar baligi, in da za a shimfiɗa ta, za ta kai murabba'in mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Amma abin da ya fi damun mai awon lantarki a cikinta ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, shi ne ɓawon da ke can sama, wanda matattun ƙwayoyin halitta ne da aka jera hawa-hawa kamar tubalin gini, da wani irin maiƙo a tsakaninsu a matsayin laka. A yawancin jiki kaurin wannan ɓawo bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba, sai a tafin hannu da tafin ƙafa inda yake yin kauri sosai. Ƙarƙashinsa kuwa akwai nama mai rai, wanda wajen kashi 70 cikin 100 nasa ruwa ne mai gishiri, ruwan gishiri kuwa hanya ce buɗaɗɗiya ga wutar lantarki. Ke nan jikin mutum kamar salka ce cike da ruwan gishiri, an rufe ta da busasshen ɓawo wanda bai kai takarda kauri ba.

Wannan ɓawo yana da hali uku. Na farko shi ne turjiya, watau hana wuta wucewa, wadda ake aunawa da ma'aunin om. Busasshiyar fata tana iya kai om 100,000 ko fiye, amma in ta jiƙe sai ta faɗo wajen om 1,000. Ku yi lissafin da wutar gidajenmu, wadda ƙarfin turinta bolt 230 ne. Da om 100,000, abin da zai ratsa jiki bai fi miliamfiya 2 da 'yan kai ba, mutum ya ji fizga ya zabura. Da om 1,000 kuwa, miliamfiya 230 ne, alhali abin da bai kai rabin wannan ba yana iya rikita bugun zuciya in ya ratsa ƙirji. Lissafin ya sauƙaƙa al'amarin, domin wuta mai ƙarfi tana huda ɓawon da kanta ta rage turjiyarsa, saboda haka kada kowa ya dogara da bushewar hannunsa. Amma dai ya nuna dalilin da ya sa wayar da ta fizgi wani a tsakar gida take kashe wani a makewayi.

Hali na biyu shi ne ajiyar caji. Duk inda aka sami abu biyu masu wuce da wuta, da siririn abu mai hana ta a tsakaninsu, to an sami abin da masu gyaran rediyo ke kira kwandensa, masu gyaran fanka kuma su ce kafasita. Ɗora ƙarfe a kan fata, ga ƙarfe a sama, ga nama mai ruwa a ƙasa, ga ɓawo a tsakani: kwandensa ta haɗu. Amfanin sanin wannan shi ne, wuta mai tafiya gaba ɗaya irin ta batir ba ta ƙetare kwandensa, amma wuta mai kai da komo tana ƙetarewa, kuma gwargwadon saurin kai da komonta, gwargwadon sauƙin ƙetarewarta. Yawan cajin da ɓawon ke iya ajiyewa kuwa ya dogara ga ruwan da ke cikinsa, domin a wannan fage ruwa ya ninka iska wajen sau 80.

Hali na uku ya fi ba da mamaki: fata da kanta batir ce. Ƙwayoyin da ke raye a ƙarƙashin ɓawon kullum suna tura gishiri zuwa ciki, wannan kuwa yana haifar da bambancin ƙarfin turi tsakanin waje da ciki. A 1983 Foulds da Barker suka auna shi a jikin mutane a birnin Sheffield na Ingila, suka sami matsakaicinsa wajen milibolt 23. Muddin fata tana lafiya wannan batir a rufe yake. Da zarar an yanke ta, an buɗe masa hanya ke nan, sai wuta ta riƙa malala ta bakin raunin. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 Emil du Bois-Reymond ya gano wannan malala a Jamus, a 2006 kuma Min Zhao da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin da ke rufe rauni suna bin ta kamar yadda matafiyi ke bin alama. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Laifin taɓawa

Awon lantarkin jiki da taɓawa ya faro, kuma ba ƙaramar taɓawa ba. Willem Einthoven na birnin Leiden a ƙasar Holan, wanda ya ƙera na'urar zana bugun zuciya a farkon ƙarni na 20 har aka ba shi lambar Nobel a 1924, sai da ya riƙa sa majiyyaci ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Dalilinsa a fili yake: ɓawon fata ya tare masa hanya, sai ya jiƙa shi. Ɗan faifan nan mai danƙo da ake manna wa mutum a ƙirji a asibiti yau, jikan bokitin Einthoven ne, domin a tsakiyarsa akwai ɗan mai mai gishiri wanda aikinsa ke nan.

Ga mai neman zuciya wannan dabara ba ta da aibi, zama shi fata shinge ce kawai a gare shi. Amma ga wanda fatar ce abin awonsa, matsala ta taso. A 1888 likitan Faransa Charles Féré ya ga turjiyar fata tana faɗuwa in an firgita mutum ko an motsa masa rai, shekara guda bayan haka Ivan Tarchanoff a Rasha ya ga irin wannan sauyi ko ba a tura wata wuta daga waje ba. Gumi ne ke cika 'yan hanyoyinsa ya buɗe wa wuta ƙofa. A kan wannan aka ɗora wani sashe na na'urar nan da ake cewa tana kama maƙaryaci, wadda, in faɗa a taƙaice, gumi take kamawa, mai gaskiya ma kuwa yana gumi a gaban ɗan sanda. To, abin da ɗigon gumi ke iya sauyawa haka, yaya zai kasance in an rufe shi da ƙarfe? Da zarar an ɗora faifai a kan fata, an hana ruwan da ke fita daga cikinta tashi, sai ya taru a ƙarƙashin faifan, ɓawon ya jiƙe, lambar da na'ura ke nunawa ta yi ta sauka minti bayan minti. In an danna da ƙarfi a sami wata lamba, in an sassauta a sami wata. In an shafa mai mai gishiri, to fatar da ake aunawa ba ita ce wadda mutumin ya shigo da ita ba. Kamar wanda aka aika ya duba ko ƙasa ta bushe ne, ya tafi da jiƙaƙƙen takalmi.

Ba cewa nake awon taɓawa ba shi da amfani ba. Na'urar Corneometer ta Jamus, wadda masu binciken man shafawa ke auna danshin fata da ita, taɓawa take yi, sai dai an ƙayyade mata ƙarfin dannawa, kuma cikin daƙiƙa guda take gamawa kafin ruwa ya taru. Nevisense ta ƙasar Suwidin, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2017 don taimaka wa likita wajen tantance sankarar fata, ita ma taɓawa take yi. Amma akwai fatar da ba ta taɓuwa. Akwai ta wanda ya ƙone, wadda taɓa ta azaba ce kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Akwai ta bakwaini da ke kwance a kwalba, wanda ɓawon fatarsa bai gama ginuwa ba, har in an ɓamɓare abin da aka manna masa yakan taho da fatar. Akwai gyambon da ke ƙarƙashin bandeji, wanda kowace buɗewa tana mai da warkewarsa baya. Saboda waɗannan ne ake neman awo daga nesa.

Abin da yauni ya riga mu

Masuntanmu na Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi sun san minjirya, wadda ke bugu da ɗaruruwan bolt. Akwai wani kifi a ruwayen nan da ya fi ta gwaninta ko da yake ba ya bugun kowa, shi ne yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano cewa wannan kifi yana fitar da wuta mai rauni daga wutsiyarsa ba dare ba rana, wajen sau 300 a daƙiƙa. Wutar tana kewaye shi da abin da zan kira hurumin lantarki, watau sararin da tasirinta ke kaiwa. Duk abin da ya shigo wannan hurumi yana karkata shi, kifin kuma yana jin karkatar a fatarsa. A 1958 Lissmann da Kenneth Machin suka horar da shi ya bambanta tukwane biyu masu kama ɗaya, ɗaya da siririyar sandar gilashi a ɓoye a ciki, ɗaya babu, kuma ya bambanta. Wannan shi ne awon halin lantarki ba tare da taɓawa ba, a cikin ruwan da ido ba ya gani.

Sai dai yauni yana da gatan da ba mu da shi. Shi a ruwa yake, ruwa kuwa yana kai wuta har jikin abin da ake nema. Mu a iska muke, iska kuwa tana cikin abubuwan da suka fi kome hana wuta wucewa. Duk wahalar wannan fanni daga nan ta taso.

Iska ta shiga lissafi

Hanya ta farko da aka bi ita ce ta kwandensa. Tun da wuta mai kai da komo tana ƙetare siririn shinge, sai a riƙe faifan ƙarfe kusa da fata, iska ko riga ta zama shingen. Kowa a zauren nan yana da misalinta a aljihunsa, domin gilashin wayar hannu ta haka yake sanin inda yatsa yake: yatsan bai taɓa wani ƙarfe ba, akwai gilashi tsakani. Tun ƙarshen shekarun 1960 Richardson da Lopez a Amurka suka ɗauki bugun zuciya da faifai wanda aka rufe fuskarsa, ba mai ba gishiri. A 2002 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila, cikinsu har da Robert Prance, suka ba da rahoton jin alamar bugun zuciya daga tazarar da ta kai mita guda.

To amma a nan nake so ɗalibai su fito da alƙalami. A ce faifan yana nesa da fata da milimita ɗaya. Wannan tazara ta ninka kaurin ɓawon da muke son aunawa sau 50 zuwa 100, ga shi kuma iska ba ta iya ajiye caji kamar ɓawo mai danshi. In an haɗa biyun, kwandensar iska ta fi ta fata ƙanƙanta sau dubbai, mu ƙaddara sau 10,000. Doka kuwa ita ce, in an jera kwandensa biyu ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar ce ke mulki, kamar yadda ƙunƙuntar ƙofa ke ƙayyade yawan masu shiga gida kome faɗin zaurensa. Saboda haka in halin fata ya sauya da kashi 10 cikin 100, abin da na'ura za ta gani bai wuce kashi 1 cikin 100,000 ba. In kuwa fatar ta matso ko ta ja baya da kashi ɗaya cikin dubu na milimita, abin da ko bugun jini a ƙarƙashinta ya fi shi nesa ba kusa ba, na'urar za ta ga sauyin kashi 1 cikin 1,000. Motsin da ido ba ya gani ya ninka abin da ake nema sau ɗari. Mun guje wa ɓarnar da faifai ke yi wa fata, mun faɗa hannun tazara, tazara kuwa tana sauyawa da kowane numfashi.

Ba a nan ta tsaya ba. Alamar zuciya a kan fata wajen milibolt ɗaya ce, watau kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Cajin da riga ke tarawa in ta goga da kujera yana kai dubban bolt, wanda duk ya taɓa ƙofar mota da hunturu ya ji tsat ya san haka. Ga kuma wayoyin bango da ke cika ɗaki da gunjin kai da komo 50 a daƙiƙa. Sauraron zuciya a cikin wannan hali kamar sauraron raɗa ne a kasuwar Kurmi. Kamfanin Ford, tare da masu bincike na jami'ar Aachen a Jamus, ya nuna kujerar mota mai jin bugun zuciyar direba ta cikin riga a 2011, daga baya ya jingine aikin. A ra'ayina wannan hanya tana da kyau wajen jin abin da ke ƙarƙashin fata a jikin wanda ke kwance shiru, irin jaririn kwalba, amma wajen auna ita kanta fatar tana da rauni.

Dabarar da ta fi burge ni a fannin nan ita ce wadda ta mai da wannan abokin gaba bara. Asalinta daga Lord Kelvin ne a 1898, William Zisman kuma ya gyara ta a 1932. Tun da motsi ne ke ɓata awo, sai a sa faifan ya riƙa karkarwa da gangan, da saurin da aka sani. Muddin akwai bambancin ƙarfin turi tsakanin faifan da fata, karkarwar za ta haifar da 'yar wuta mai kai da komo a waya. Sai mai awo ya riƙa ƙara wa faifan ƙarfin turi daga nasa batir kaɗan-kaɗan, har wutar ta ɗauke ɗif. A daidai wannan lokaci ƙarfin da ya ƙara ya yi daidai da na fatar. Aikin mai sikeli ke nan, wanda ke ƙara duwatsu har hannuwa biyu su daidaita, sa'an nan ya ƙirga duwatsun. Kyan abin shi ne, inda wutar ke ɗaukewa bai dogara ƙwarai ga tazara ba.

Yanzu mu koma ga batir ɗin fata. Richard Nuccitelli a Amurka ya ƙera na'ura a kan wannan dabara, ya sa mata suna Dermacorder, wadda ke shawagi bisa rauni tana zana taswirar lantarkinsa. A rahotanninsa na 2008 da 2011 ya nuna cewa hurumin lantarkin da ke bakin rauni yana nan muddin raunin yana buɗe, yana dusashewa yayin da fata ke rufewa, kuma ya fi ƙarfi a jikin matasa bisa na tsofaffi. Kowa ya san raunin tsoho ya fi jinkirin warkewa, ga shi an sami wata lamba da ke tafiya tare da wannan sani. Amma na'urar tana bukatar wuri marar gashi da mutum marar motsi, kuma ba ta zama kayan aikin yau da kullum a asibitoci ba.

Akwai hanyar maganaɗisu, wadda zan wuce da sauri. Naɗin waya mai ɗauke da wuta mai kai da komo yana tayar da 'yan igiyoyin wuta a cikin nama, su kuma su mai da martanin da wani naɗin ke ji. Tarjan da McFee sun gwada ta a ƙirji da kai a 1968. Iska da riga ba su dame ta ba, amma ɓawon fata ma bai dame ta ba, wucewa take yi ta auna abin da ke ciki. Ga huhu da ƙwaƙwalwa tana da alkawari, ga fata kaɗan ne.

Gajeren zango na gaske

Masu sauraron rediyo sun saba da mita 49 da mita 31 a gajeren zango. Ku ƙaddara an yi ta gajarta zangon har ya koma tsakanin milimita 10 da milimita 1, watau kai da komo biliyan 30 zuwa biliyan 300 a daƙiƙa. Waɗannan igiyoyi ba sa bukatar waya ko faifai, tafiya suke a iska kamar haske. Suna ratsa tufafi da busasshen bandeji, shi ya sa ake binciken fasinjoji da su a manyan filayen jirgin sama. Amma ruwa yana shanye su, saboda haka a jikin mutum ba sa shiga fiye da milimita guda, sau da yawa ma ba sa kaiwa. Wani kaso yana nutsewa, wani kaso, wajen sulusi zuwa kusan rabi, yana dawowa, yawan abin da ya dawo kuwa halin lantarkin fatar ne ke ƙayyade shi. Ga shi an sami ma'aunin da zurfinsa ya yi daidai da kaurin fata. Kuma ba irin hasken hoton ƙashi ba ne mai lalata ƙwayoyin halitta, iyakar abin da yake yi in ya yi yawa shi ne ɗumama wurin.

Inda ake sa ran amfaninsa ya fi girma shi ne ƙuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 a shekara, kusan kashi biyu cikin uku a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Tambayar da ke gaban likita a kwanakin farko ita ce zurfin ƙunar. In sama-sama ce, za ta warke da kanta cikin mako biyu zuwa uku. In ta yi zurfi, sai an yanke mataccen nama an yi dashen fata, jinkiri kuwa yana jawo ruɓa da tabon da ke ƙanƙance gaɓa. Ƙunar da ke tsaka-tsaki ita ce mai ruɗi, kuma bincike ya sha nuna cewa ƙwararren likita mai duba da ido yana dacewa ne a kashi 60 zuwa 75 cikin 100 kawai. Ku dubi abin da wannan ke nufi ga yarinyar da tafasasshen ruwa ya zubo wa: ko a yanka ta ba bukata, ko a bar ta alhali tana bukata. Akwai na'ura mai duba gudun jini da hasken leza, amma sai bayan sa'o'i 48 take zama abin dogara, kuma sai an buɗe bandeji. Tun da ƙuna tana sauya yawan ruwa da tsarin nama gwargwadon zurfinta, masu bincike irin su Hassan Arbab da Zachary Taylor a Amurka sun gwada igiyoyin da suka fi waɗannan gajarta, waɗanda ake kira terahaz, a kan ɓeraye da aladu, suka ga suna bambanta ƙuna mai zurfi da marar zurfi. A Manchester kuma Amani Owda da Neil Salmon sun bi wata hanya a 2017, ba su aika kome ba, sai suka saurari igiyoyin da fata ke fitarwa da kanta saboda ɗuminta, waɗanda ke ratso bandeji su fito. Haka nan a Kambirij, tun farkon shekarun 2000, aka nuna cewa wata irin sankarar fata tana mai da terahaz dabam da lafiyayyar fata, galibi domin ta fi ta ruwa. Yawancin waɗannan ayyuka suna matakin gwaji, ba su kai ga gadon majiyyaci na kullum ba.

Tazara ba ta saki wannan hanya ba ita ma. In fata ta karkata kaɗan, abin da ya dawo sai ya bauɗe wa na'ura, lambar ta faɗi kamar fatar ce ta sauya. Jikin mutum kuwa ba allo ba ne, ko'ina lanƙwasa ne.

Ruwa ne ake gani

In kun lura, a kusan duk hanyoyin nan abu guda ne ke motsa allura, shi ne ruwa da gishirin da ke cikinsa. Na'ura ba ta ganin ƙuna ko sankara, tana ganin inda ruwa ya ƙaru ko ya ragu, likita ne ke fassarawa. Wanda ya gane wannan ba a yi masa wayo da sauƙi. A 1939 wani Barashe, Semyon Kirlian, ya fara ɗaukar hotunan yatsu da wani haske kewaye da su, ta hanyar amfani da wuta mai ƙarfi, aka yi shekaru ana cewa hoton kurwa ne ko na lafiyar mutum. A 1976 mujallar Science ta buga binciken da ya nuna cewa danshin fata ne ke sauya siffar hasken. Irin wannan ciniki bai mutu ba, ya sake riga ne. A watan Fabrairu na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da agoguna da zobba da ake sayarwa da sunan suna auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Gaskiya ne sukari yana ɗan sauya halin lantarkin jini, amma sauyin da gumi da zafin jiki da shan kofin ruwa ke kawowa ya rufe shi ruf. Mai ciwon sukari da ya auna allurarsa da irin wannan lamba yana wasa da ransa.

A nan ne maganar ta iso gida. Tun da ruwa ake gani, to lambar da ake kira ta lafiyayyar fata ta dogara ga inda aka auna ta. Teburan da masana suka fi dogara da su na halin lantarkin sassan jiki, waɗanda Camelia Gabriel da abokan aikinta suka wallafa a Landan a 1996, aiki ne mai daraja, amma ba a tsakiyar hunturun Kano aka yi su ba, lokacin da danshin iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, fata ta yi furu-furu, dunduniya ta yi faso. Ba a kuma yi su a watan Agusta ba, lokacin da gumi ba ya bushewa. Ba a yi su a kan fatar da ta sha man kaɗanya ko basilin da safe ba, ko tafin hannun manomin da ya yi kanta.

Akwai kuma batun launi. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini, wadda da haske take aiki, tana kasa gano ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku bisa na farar fata. An yi shekaru ana amfani da ita kafin wannan ya zama abin damuwar kowa. Akwai dalilin sa ran cewa igiyoyin milimita ba za su yi wannan son kai ba, tun da ruwa suke bi, ba launi ba, kuma wannan babban alheri ne ga likitan da ke duba ƙuna a baƙar fata, inda jan da littattafai ke kwatantawa ba ya fitowa sosai. Amma sa rai dabam, gwaji dabam. Jami'in ma'aikatar lafiya da aka kawo wa irin wannan na'ura ya sa hannu a saya, haƙƙinsa ne ya tambayi a kan su wa aka gwada ta, a wane yanayi, kuma da wane tabbataccen awo aka kwatanta sakamakonta, ya kuma nemi a nuna masa a rubuce.

Ɗaliban kimiyyar lantarki da na likitanci kuwa, akwai aikin da ke jiran ku wanda bai bukaci na'urar terahaz mai tsada ba. Ma'aunin turjiya da ajiyar caji, da ma'aunin danshin iska, da littafin rubutu, sun isa a fara: a sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike, a auna mutanen da suka yarda, wuri guda a damtse da tafin hannu, sau ɗaya kowane wata daga Janairu zuwa Disamba, a rubuta shekarunsu da sana'arsu da man da suka shafa. Duk na'urar awo daga nesa da za ta zo ƙasar nan gobe, da irin wannan tebur za a daidaita ta.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.